Jan Galura a Ƙofar Malam Sani

Iliya da Murna, kun tashi kuna faɗa wa mutane cewa rikici ne ya kori su Gwaggo Uwani daga layinmu na Kamazou, har jikokina na ji suna maimaitawa. Ke kuwa Godiya, duk lokacin da zancen ya taso sai ki dubi hannunki, ni kuma in miƙe in ce tukunyata na kan wuta. To yanzu ba ni da tukunya a wuta, Murna ke dafa min, ido kuma ya fara gajiya, gara in faɗa tun ina iya riƙe biro. Rikici ya zo ya wuce su Uwani suna nan daram. Sai da gari ya lafa, kasuwa ta buɗe, yara suka koma makaranta, sannan suka tashi, kuma abin da ya tashe su daga ajina na makarantar Lahadi ya fito.

Shekara da shekaru ina koyar da ajin ƙanana a cocinmu, kuma ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba, na iya. Ni ban yarda a jera yara a benci ana zuba musu magana kamar ana ɗura masara a buhu ba. Yaro abin da hannunsa ya taɓa shi yake riƙewa. In labarin jariri Musa za mu yi, kaba nake kawowa mu saƙa kwando, mu kwantar da 'yar tsana a ciki, mu ɗora a baho cike da ruwa, wata ta zama yayarsa tana leƙe daga bayan benci. In misalin mai shuka ne, gwangwani huɗu nake jerawa, ɗaya tsakuwa, ɗaya ƙaya, ɗaya busasshiyar ƙasar hanya, ɗaya ƙasa mai taki, mu zuba gero, kowace Lahadi su ruga su duba tun kafin su gaishe ni. Mun gina fitilun 'yan mata goma da yumɓun bakin rafi, biyar muka zuba musu man gyaɗa, biyar muka bar su a bushe. Babanku, lokacin yana aiki a wani kamfani a Kudenda, shi ke ɗauro min tsofaffin kwalaye a bayan kekensa, yana mita wai na mai da shi ɗan bola. Wasu dattawan coci ba sa son abin, suna cewa na mai da ɗakin Allah wurin wasan ƙasa. In na ji haka sai in kira yaro ɗaya in ce ya ba su labarin tun daga farko, in naɗe hannu ina kallonsu. Girman kai ne, na sani, kuma ku riƙe shi a rai don zai dawo.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Malam Sani tela da matarsa Uwani. 'Yarsu ta fari, Sadiya, sa'ar Godiya ce, kwano ɗaya suke ci, sai salla ko sujadar coci ke raba su. Uwani ba ta taɓa kiran sunan Sadiya ba, kunyar 'yar fari irin tasu, sai dai ta ce "yarinyar nan", ni kuma in tsokane ta in ce wace yarinya, ga yara nan cike da layi. Rigar Yusufu mai launi-launi da muka haɗa a aji, ƙyallayen shagon Malam Sani ne, kuma Uwani ce ta zauna ta jera min su tana cewa ai Annabi Yusuf na kowa ne. Da aka yi tashin hankalin nan da kuka sani, Musulmin layinmu suka kwashe suka haye gada zuwa ɓangaren gari da Musulmi suka fi yawa, gida bayan gida, har ya rage su kaɗai. Babanku ya ajiye benci a ƙofarsu ya zauna, kwana uku bai je aiki ba. 'Yan'uwan Malam Sani suka yi ta aiko masa daga Unguwar Mu'azu ya taso, amsarsa ɗaya ce:

"Muddin Baban Iliya da iyalinsa na nan, ba inda za ni."

A shekarun nan akwai maganar da duk wani babba ya sani, ba a dai yi a gaban yara: wai kafin a ƙona gida sai an riga an sa masa alama, da fenti ko gawayi, don waɗanda za su zo daga wata unguwa su gane shi. Ban taɓa gani da idona ba, amma ba wanda bai yarda ba, a wannan gefen gada da wancan. Ni ma na san maganar sarai. Sai dai ranar da na zauna shirya darasin Idin Ƙetarewa, daren da mala'ikan mutuwa ya kashe 'ya'yan fari a Masar ya ƙetare ƙofofin da aka shafa wa jini, ko kusa ba ta zo min a rai ba, hankalina na can Masar. Na yanke kwalaye na yi ƙofofi shida. Na sayo jan galura irin wanda ake rina kaba da shi, na dama da ɗan kamu don ya yi kauri kamar jini, na zuba a gwangwanin madara. Na karyo reshen dogonyaro a matsayin abin shafawa. A aji na raba yaran gida-gida, kowane gida suka tsaya bayan ƙofarsu da sanda a hannu kamar masu shirin tafiya, suka shafa jan a gefe biyu da kuma sama. Ƙofa ɗaya na hana a shafa mata, na ce ta Masarawa ce. Sai na yafa baƙin zane na rufe fuska na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya a hankali. In na ga ja in wuce. Da na iso ƙofar da ba ta da komai na tsaya, na miƙa hannu, yaron da na shirya da shi ya zube ƙasa. Wata ƙarama ta fashe da kuka, ni kuwa a ƙarƙashin zanen daɗi nake ji, ina cewa yau darasi ya shiga.

Ina tattara kwalaye Godiya ta ja min zane. Shekararta bakwai.

"Mama, Yaya Iliya fa? Shi ne na fari a gidanmu."

"Mu ai jinin Yesu ya riga ya rufe mu, ba ma bukatar shafa komai."

"In mace ce ta fari, ita ma mutuwa za ta yi?"

"Na fari dai na fari ne. Ungo gwangwanin nan ki kai min gida, kar ki zubar, ina da taron zumuntar mata."

Amsar da na ba ta ke nan, ko kallonta ban yi ba. Ni da nake taƙama da sanin zuciyar yaro, ban tsaya na tambayi kaina wace macen fari take nufi ba.

Wajen la'asar na shigo layi na hangi taro a ƙofar Malam Sani. Na ɗauka rasuwa aka yi, na ƙara sauri. Da na kutsa na ga abin da suke kallo, sai na tsaya cak. Ja ne a gefen ƙofar na dama, ja a na hagu, ja a sama, ya zubo layi-layi ya bushe. A duk layin, gida wajen ashirin, ƙofar Musulmi ɗaya tilo ita ce aka sa wa alama. Su Malam sun je bikin suna tun safe sun dawo sun tarar da ita haka. Malam Sani na tsaye da hularsa a hannu, bakinsa na motsi ba a jin abin da yake faɗa. Uwani na daga cikin zaure ta rungume Sadiya a jikinta, ita da ko hannunta ba ta riƙewa a gaban mutane. Kowa jini yake gani ko fenti. Ni kaɗai na ga turmin da aka jawo aka taka don a kai sama, ni kaɗai na ga reshen dogonyaro yashe a bakin kwata da ganyensa jajawur. Ban yi minti ɗaya ina tunani ba. Na san wa ya yi, na san da me, na san wa ya koya mata.

Mai unguwa ya iso, ana ta magana sama-sama. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce baƙi ne, wani ya ce baƙo bai san wace ƙofa ba ce sai ɗan gida ya nuna. Babanku, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya a waje ba, ya tsaya tsakiyar taron ya ce:

"Duk wanda ya yi wannan, ko a coci ɗaya muke durƙusawa, ni da hannuna zan miƙa shi."

Nan ne wurin. In da zan koma baya in gyara abu ɗaya a rayuwata, nan zan koma. Kalma nawa ce? Galura ce, aikin yarana ne, 'yata ce ta yi da zuciya ɗaya. Da an yi dariya, ko a zage ni, ko duka biyu, a kawo ruwa a wanke. Amma na dubi fuskokin nan sai na ji bakina ya mutu. Na hango sunan Godiya a bakin 'yan sanda. Na hango labarin ya haye gada ya canza kama, a ce malamar coci ce ke koya wa yara shafa jini a ƙofar Musulmi. Waɗannan su ne dalilan da na riƙa faɗa wa kaina shekaru da yawa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai na uku a ƙarƙashinsu, shi ne na hango dattawan nan suna kaɗa kai suna cewa ai mun faɗa. Na ce a raina bari ƙura ta lafa, gobe da safe zan shiga in gaya wa Uwani mu biyu. Na juya na shige gida kamar mai jin fitsari.

Na tarar da Godiya a bayan ɗaki tana wanke gwangwanin, hannuwanta ja har wuyan hannu. Ta ɗago tana murmushi, irin na yaron da ke jiran a yaba masa.

"Mama, na shafa wa su Sadiya. Yanzu in ya zo zai wuce ko?"

Ban rungume ta ba. Abin da na yi shi ne na fizgo ta na dirje hannun da sabulu da toka har ta fara kuka, jan bai fita ba, galura ai ba a yi ta don ta fita ba. Sai na tuna da garin lallen da Uwani ta ba ni lokacin Kirsimeti. Na kwaɓa na lafta mata a tafin hannu da yatsu na ɗaure da leda, don in ja ya fito a ce lalle ne. Na riƙe kafaɗunta na ce:

"Kada ki faɗa wa kowa. Ko babanki, ko Iliya. In kika faɗa, 'yan sanda za su tafi da ke."

Yarinyar da ta yi abin da ta yi don ƙauna, da wannan na saka mata. Har yau in na tuna yadda murmushin nan ya ɓace a fuskarta sai in ji abinci ya fita raina.

Washegari babanku da Malam Sani suka dirji ƙofar da soson ƙarfe, jan ya koma ruwan hoda amma bai tafi ba. Goben da na yi wa kaina alkawari ta zo, ban shiga ba, na ce bari in gama wanki. Sai ga Uwani da kanta ta shigo ta same ni a kicin ina gyaran wake. Ta zauna a kujerar tsuguno ta jawo tiren ta sa hannu muna tsincewa tare, kamar yadda muka saba. Sai ta ce:

"Maman Iliya, ke kin fi ni sanin mutanen layin nan. Wa kike gani zai yi mana haka?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da dubana. Ni kuma na sunkuya kan waken.

"Allah kaɗai ya sani, Uwani."

"Haka ne," in ji ta. Ta ƙarasa tsince abin da ke gabanta, ta kaɗe zane ta fita.

Ranar Talata ma ta leƙo, wai aron rariya, ta tsaya a bakin ƙofa fiye da yadda aron rariya ke bukata. Na miƙa mata na ce a gaida Malam. Ranar Laraba da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofarsu. Na fito na ga ana ɗora keken ɗinki, na ji kamar an kwaɗa min taɓarya a ƙeya, don har ga Allah ban taɓa zaton abin zai kai nan ba. Babanku ya riƙe hannun Malam Sani yana roƙonsa, yana cewa zai dawo da bencinsa ƙofar, zai ajiye aikin in ta kama. Malam Sani ya ce masa ya gode, ya yi abin da ɗan'uwa na jini ba zai yi ba, amma zama ya ƙare. Ko a lokacin ina iya magana, motar ba ta tashi ba. Na tsaya riƙe da ƙullin kwanukan Uwani ina taya lodi. Da za ta hau, ta kira Godiya ta kama hannuwanta biyu ta juya su tana kallo.

"Wa ya ƙunsa miki lalle haka ba tsari? Da kin zo ai da na yi miki mai kyau."

Ta shafa kan Godiya, ta hau mota. Godiya ba ta yi kuka a wurin ba, ta dai daina cin abinci sosai har na kusan wata guda, muka yi ta ba ta maganin tsutsar ciki.

Babanku bai sake zama daidai da mutanen layin ba. Ya sa a ransa cewa ɗaya daga cikin waɗanda yake cin jibin Ubangiji da su a coci ne ya yi, ya riƙa kallon kowa da ido biyu, ya bar shiga hirar bakin titi, ya ajiye ƙungiyar mawaƙa da yake so kamar ransa. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga abin ya yi tsawo, yau in na faɗa sai ya tambaye ni me ya hana jiya. Haka jiya ta yi ta taruwa har ya rasu bai sani ba. Ni kuma na ci gaba da koyarwa, kwando, gero, fitilu, ana ta yabona, har kyautar atamfa aka ba ni a gaban jama'a. Darasin Ƙetarewa kawai nake tsallakewa, in an zo wurin in ce makogwarona na ciwo, wata ta karɓa.

Bayan mun binne babanku ne na kasa barci da abin. Na hau mota na haye gada, na yi ta tambaya a Unguwar Mu'azu, lungu bayan lungu, har aka nuna min gidan tela Sani na Kamazou, don ashe sunan ya bi shi. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Uwani ta tsufa, ta rame, amma tana ganina ta ce Maman Iliya, kamar jiya muka rabu. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Sai na faɗa mata duka, tun daga kwalaye har lalle, ina kuka ina haɗa magana da ƙyar. Na gama ina jiran ta yi salati, ko ta tashi ta bar ni. 

"Ai na sani," in ji ta.

Na ɗauka kunnena ne.

"Tun ranar Lahadin na sani. Kafin ki dawo Godiya ta raɗa wa yarinyar nan ta katanga, ta ce kar ta ji tsoro ta shafa mana maganin mutuwa. Da taro ya watse yarinyar nan ta gaya min, na gaya wa Malam. Har dariya muka yi, wallahi, dariya da hawaye. Malam ya ce kar mu sa sunan yarinya a bakin mutane, mu bari uwarta ta zo da kanta, gobe za ta shigo."

 Na ce to me ya sa kuka tashi, tunda kun san ba kowa ba ne, kun san galura ce.

"Ba ƙofar ce ta tashe mu ba, Maman Iliya. Na zo har kicin ɗinki na zauna, na tambaye ki, kika ce min Allah kaɗai ya sani. Na koma washegari. Da na dawo na ce wa Malam, mu fa saboda gidan nan muke zaune. In wadda muka dogara da ita ta kasa buɗe baki a kan galura, ranar da aka zo da fetur fa?"

Ba ta faɗa da fushi ba, da ma ta yi fushin da ya fi min sauƙi. Na tambaye ta me ya sa Malam bai gaya wa babanku ba, ta ce Malam ba zai kunyata matar mutum a gaban mijinta ba, balle mutumin da ya zauna masa a benci. Wato shekarun nan duka da nake ɓoye abu, mutanen da nake ɓoye wa sun sani, suna can suna rufa min asiri, wanda bai sani ba shi ne wanda nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta sa aka kira Sadiya a waya muka gaisa, tana aikin jinya, 'ya'yanta huɗu. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, tana tafiya a hankali saboda gwiwa, ta riƙe min mayafi ta ce:

"Ki gaishe min da Godiya. Ki ce mata gwaggonta ta gode. A duk layin nan ita kaɗai ce ta ji tsoron kada yarinyar nan ta mutu har ta tashi ta yi wani abu a kai."

Godiya, wannan saƙon naki ne. Na san kin girma kina ɗauke da cewa ke kika kori ƙawarki, na ga yadda ko lalle ba ki yarda an sa miki ba ranar aurenki. Ba ke ba ce. Ke kin ji darasin da kyau, malamar ce ba ta ji ba. Shekara shida ke nan da Uwani ta ba ni saƙon, na riƙe shi don in zan isar sai na faɗi sauran, kuma bara aka aiko cewa ta rasu. Ta ce ta gode.